Dafin Gizo-gizo ko Fiya-fiya: Wanne Ya Fi Cancanta Mu Ji Tsoronsa?

Duk inda aka tayar da zancen cewa masana sun fara haɗa maganin ƙwari da dafin gizo-gizo, nan take mutane kan rabu gida biyu. Wasu su yamutsa fuska su ce wannan ganganci ne, ta yaya za a ɗauki dafi a watsa a kan abin da za mu kai baki? Wasu kuma su hau murna, su ce tunda daga halittar Allah ya fito ai ba zai cutar da kowa ba. Ban gamsu da hujjar ko ɗaya ba, amma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne ni. Ina goyon bayan wannan bincike, ina kuma ganin maganin da ya haifar ya fi mafi yawan abin da muke fesawa a gonakinmu aminci. Dalilina ɗaya ne: yana zaɓe. Yakan kashe ƙwaro ya bar mutum, ya bar ƙudan zuma. Abin da ke damuna shi ne irin tafiyar hawainiyar da muke yi, har mu wayi gari muna sayen sa da dala alhali ba mu taɓa duba abin da ke cikin dafin namu gizo-gizon ba.

Kafin a ji tsoron sabon abu, ya kamata a kalli tsohon da ake riƙe da shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa, wato abin da ke cikin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu kayan da suka kai miligiram 4.6. A buga lissafi, ninki 460 ke nan. Turawa sun mayar da kayan sun tsira da lafiyarsu. To waken da bai tsallaka teku ba fa, wa ya cinye shi? Mu ne, a ƙosai da alala da garau-garau. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari, bayan an yi ta samun labarin masu shan sa da masu zuba shi a kan abinci, amma duk mai shiga kasuwa ya san bai ɓace ba. Gubar maganin ƙwari tana kama mutane da dama ba da gangan ba a kowace shekara a duniya, akasarinsu manoma da ma'aikatan gona. Wanda ya taɓa ganin matashi ya goya famfon feshi ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska tana maido masa da maganin a fuska, ba zai yi mamakin hakan ba.

Da a ce guba tana aiki yadda ake so, da sai a ce an biya farashi an samu biyan buƙata. Ba ta ma yi. Fiye da nau'in ƙwari 500 ne aka tabbatar sun saba da wani magani har ba ya kashe su. Manoman tumatir na Kano da Kaduna sun ɗanɗana wannan a 2016, lokacin da tsutsar da suke kira sharon ta cinye lambuna, suna feshi tana ci, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara ta ƙasashen Amurka a nahiyar Afirka, Nijeriya na cikin wuraren farko. Manomi idan ya ga magani bai ci ba, sai ya ƙara murfi biyu, ya gauraya kala uku, ya ƙara yawan feshi. Garin neman ƙiba a samo rama.

To me ya sa masana suka juya ga gizo-gizo? Saboda sana'arsa ke nan. An san nau'o'insa fiye da 50,000, kusan dukkansu masu dafi ne, kuma abincinsu ƙwari. Wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta a 2017 cewa gizo-gizon duniya yana cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na abin farauta a shekara, galibinsa ƙwari. Halittar da ba ta da fiffike amma take rayuwa a kan masu fiffike dole ta mallaki abin da zai sanƙarar da su nan da nan, in ba haka ba ta kwana da yunwa. Dafin kuma ba ruwa ɗaya ba ne. Haɗi ne na ɗaruruwan ƙananan furotin, a wasu nau'o'in har dubbai, kowanne da inda yake kamawa a jijiyar wanda aka cije. A nan ne sirrin yake. A ɗauka jijiya ƙofa ce mai kwaɗo, kowane ɗan furotin kuma mabuɗi. Kwaɗon jijiyar ƙwaro da na mutum sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Fiya-fiya da danginta suna buɗe duka biyun, shi ya sa suke kashe sauro su kuma kashe yaro. A cikin tarin mabuɗan gizo-gizo kuwa akwai waɗanda kwaɗon ƙwaro kaɗai suke shiga. Aikin masani shi ne ya tsamo irin waɗannan ya bar sauran.

An kuwa yi hakan, kuma da gizo-gizon da ake tsoro ƙwarai. A gabashin Ostareliya akwai wani dangi mai saƙa irin ta mazurari, wanda ɗaya daga cikinsu, na yankin Sidni, aka rubuta ya kashe mutum 13 kafin a samar da maganin cizonsa a 1981. Farfesa Glenn King, wanda ya yi aiki a Jami'ar Connecticut a Amurka kafin ya koma Jami'ar Queensland, ya daɗe yana rarrabe dafin wani ɗan wannan dangi mai suna Hadronyche versuta, da ke zaune a tsaunukan da ke yammacin Sidni. Abin da ke yi wa mutum illa a dafin daban ne, abin da ke kashe ƙwari daban. Daga cikin masu kashe ƙwarin aka zaɓi wani ɗan furotin, kamfanin Vestaron na Amurka ya mai da shi maganin feshi mai suna Spear. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a 2014, a 2018 kuma kwamitin duniya mai rarraba magungunan ƙwari bisa yadda suke aiki ya buɗe masa sabon rukuni na 32, domin inda yake kamawa a jijiyar ƙwaro ba inda tsofaffin magunguna ke kamawa ba ne. Ma'ana, ƙwaron da ya gagari tsohon magani ba lallai ya gagari wannan ba. Ana iya komawa cikin gona awa huɗu bayan feshi, ana iya tsinkar amfani a ranar.

Kada wani ya zaci akwai gidan da ake tara gizo-gizo ana tatsar su. Ɗigon da ɗaya ke bayarwa ba zai fesa ko kwami guda ba. Ƙwayar gadon da ke ba da umarnin haɗa furotin ɗin ake kwaikwaya a sa wa yis, a kiwata shi a manyan tankuna, shi kuma ya riƙa fitar da furotin a tace. Haka ake samar da wani kaso na insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura.

Masu cewa dafi dafi ne ina fahimtar su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma sun daɗe suna shan abin da aka samo daga dafi ba su sani ba. Maganin hawan jini captopril, wanda aka amince da shi a 1981, daga nazarin dafin wata kububuwar Brazil aka gano shi, kuma lisinopril da ake ba dattawanmu a asibitoci daga zuriyarsa yake. Tambayar da ta dace a yi wa kowane sinadari ita ce: wa yake kamawa, da wane yawa, kuma kwana nawa yake yi kafin ya ruɓe? Furotin ne, cikin mutum ya saba narkar da furotin, ƙasa ma tana cinye shi ba ya taruwa. A kwatanta da DDT, wanda ya jawo wa Paul Müller kyautar Nobel a 1948, amma Amurka ta haramta shi a 1972 saboda yana shekaru a ƙasa da kitsen dabbobi.

Masu murna kuwa su ma sai su yi hattara, domin hujjarsu ta fi ta masu tsoro haɗari. Tunanin cewa duk abin da ya fito daga tsiro ko dabba lafiyayye ne shi ke kai mutane asibiti. Zaƙami tsiro ne. Tinya tsiro ce. Rogon da ba a sarrafa da kyau ba ya sha kwantar da gida guda. Abin da ya wanke wannan maganin gwaji ne, kuma kowane sabon furotin da za a tsamo sai ya bi ta nasa gwajin. A 2014 masu bincike a Jami'ar Newcastle da ke Ingila sun ciyar da ƙudan zuma wani haɗi na furotin ɗin gizo-gizon nan, da yawan da ya zarce abin da za su gamu da shi a gona, suka ga illarsa ga rayuwarsu kaɗan ce ƙwarai, kuma bai taɓa ƙwaƙwalwarsu ta koyon ƙamshin fure ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu fitattun magunguna uku a fili saboda cutar da ƙudan zuma, ciki har da imidacloprid, wanda har gobe yana kan kantunan kayan gona a wurinmu. Mai kankana da mai kabewa da mai riɗi su tambayi kansu wa ke yi musu barbarar fure idan aka kashe zuma.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ba ta masu tsoro ba ce, ta masu lissafi ce, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa gizo-gizo allura yake yi, manomi kuwa feshi yake yi. Gaskiya ne. Dafin an yi shi ne don a soka shi cikin jiki. Idan tsutsa ta ci shi a kan ganye, cikinta kan narkar da mafi yawansa kafin ya kai ga jijiya. Wannan matsalar ce ta daɗe tana riƙe wa binciken ƙafa. Masana a Ingila sun gwada liƙa shi da wani furotin na furen da ake kira snowdrop don ya tsallakar da shi bangon hanji. Vestaron kuma, a kan tsutsotsi, sai ya ce a gauraya shi da ƙwayar Bt, wadda ke huda hanjin tsutsa ta buɗe masa hanya. Duk wannan ƙarin kuɗi ne. Sannan saurin ruɓewar da muke yabo shi ne kuma ke sa ba ya daɗewa yana tsare gona. Shi ya sa ya fara samun kasuwa a gidajen gilashi na kayan lambu da gonakin 'ya'yan itatuwa masu tsada a Amurka. Manomin da ke auna magani da murfin kwalba, yana jiran ya sayar da akuya ya sayi taki, ba shi aka yi wa wannan kaya ba tukuna. Duk wanda ya ce masa baɗi zai same shi a kasuwar ƙauye cinikin biri a sama yake yi masa.

Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka ba ruwanmu. Tsada ta yau ba hukunci ba ce, abin da ake dafawa a tanki farashinsa kan sauka idan tankunan suka yawaita. Ba a kuma fafe gora ranar tafiya.

Bugu da ƙari, gwajin da ya fi burge ni a wannan fage a maƙwabtanmu aka yi shi, kuma kan abokin gabar da ya fi kowane ƙwaro kashe mana yara. A ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, masana na cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, ciki har da Abdoulaye Diabaté da Etienne Bilgo, sun haɗa hannu da Raymond St. Leger da Brian Lovett na Jami'ar Maryland. Sun ɗauki wata fumfuna mai suna Metarhizium wadda dama sauro take kamawa, amma tana jan lokaci kafin ta kashe shi, suka sa mata ƙwayar gadon dafin gizo-gizon nan na Ostareliya, ta yadda ba za ta saki dafin ba sai ta shiga jinin ƙwaron. Dubi dabarar: fumfunar ita ce ta zama allurar da feshi ya rasa. Suka kwaɓa ta da man riɗi, suka shafa a baƙin ƙyalle, suka rataya a ɗakunan da aka gina cikin wani katafaren gidan raga. An saki sauro 1,500 a kowane ɓangare. Bayan kwana 45 saura 13 a ɓangaren da aka rataya fumfunar mai dafi, alhali inda ba a sa komai ba sun hayayyafa. Mujallar Science ta wallafa sakamakon a 2019. Sauron da aka yi gwajin da shi na yankin ne, irin wanda ya riga ya saba da maganin gidan sauro. Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kwata na masu kamuwa da maleriya a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi kashe mutane. Wa ya fi mu buƙatar a san ko wannan hanya za ta ɓulle?

A nan ne masu adawa da sauya ƙwayar halitta za su miƙe, kuma suna da abin faɗa. Maganin feshi ana fesa shi ya ƙare, fumfuna kuwa rayayyiya ce, in aka sake ta ba a kiran ta ta dawo. Burkina ɗin ma ta taɓa rungumar audugar Bt a 2008 ta yi watsi da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce ya rage daraja. Saboda haka ban ce a saki fumfunar gobe ba, kuma a cikin raga aka yi gwajin ba a fili ba. Amma a raba abubuwa biyu. Furotin da aka tace aka zuba a kwalba ba rayayyen abu ba ne, ba ya haihuwa, ba ya shiga irin manomi. Wanda ya ƙi shi don yana ƙin irin da aka sauya ya haɗa hukuncin da bai haɗu ba. Ita kuwa fumfunar, amsar shakka a kanta ƙarin gwaji ne a ƙarƙashin idon hukuma, kuma tun 2015 Nijeriya tana da hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki. A ba ta kayan aiki, a tilasta mata bayyana sakamako a harshen da jama'a ke ji. Zargin cewa duk abin da ya fito daga waje makirci ne bai taɓa ceton yaro ɗaya daga zazzaɓi ba.

Wasu za su ce me ya kai mu Ostareliya ga darbejiya a ƙofar gida? Ina tare da su fiye da yadda suke zato. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana korar ƙwari. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta yaɗa tun 2007 tare da masana na yankinmu, ciki har da na cibiyar binciken noma ta Nijar a Maraɗi, yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba, domin ƙwaron shaƙewa yake yi. Matsalar waken da Turai ta mayar mana ba ta jiran dafin kowa, wannan buhun ya isa. Sai dai buhu ba ya kare tumatir a lambu, darbejiya kuma ba ta tsayar da annoba idan ta ɓarke. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Shi ma sabon maganin, idan muka yi masa irin riƙon da muka yi wa na baya, ana fesawa ba ƙa'ida ba sauyi, ƙwari za su saba da shi, mu koma gidan jiya. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Ba a samun mafita sai da malaman gona masu zuwa gona, waɗanda yanzu manomi kan yi damina guda bai ga ko ɗaya ba, mai shagon magani ne ya zame masa malami.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin nau'o'in gizo-gizon duniya aka bincika dafinsu, kuma na Afirka ta Yamma da aka bincika, galibi a waje aka yi aikin. Wani babban gizo-gizo na yankin Togo da Ghana, Heteroscodra maculata, an samo a dafinsa furotin da ake gwadawa kan wata muguwar farfaɗiyar yara. Wani na Kamaru, Hysterocrates gigas, dafinsa ya ba masu binciken jijiya kayan aikin da suke amfani da shi shekara da shekaru. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce ƙasar da aka ɗauki halittarta tana da haƙƙi a ribar da aka samu, amma wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba yaya zai yi ciniki? Gizo-gizon da ke farauta a gonar wake ta Dambatta ko gonar gero ta Tasawa, ƙwarinmu yake ci, a cikin zafinmu yake aiki. Hankali ya nuna nan ya kamata a fara dubawa. Da ɗan gari akan ci gari.

Kuma ba daga ƙasa za mu faro ba. Jami'ar Bayero tana da masana dafin maciji da duniya ta san da su, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib, ga asibitin Kaltungo da ya daɗe yana wannan fama. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ita ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso a 2019, wato akwai masu ilimin ƙwari da na ƙwayar gado. Abin da babu shi ne wanda zai zaunar da masanin dafi da masanin ƙwari a ɗaki ɗaya, ya saya musu na'ura, ya kuma haƙura da su shekara goma, don irin wannan aiki ba ya nuna fuska cikin zangon mulki guda.

Kirana ga asusun TETFund da jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai da Maraɗi shi ne su ware kuɗi a tattara gizo-gizon yankinmu, a tantance su, a gwada dafinsu kan sharon da tsutsar masara da sauro. NAFDAC ta shirya ƙa'idar yi wa irin waɗannan magunguna rajista tun kafin su iso, ta kuma gwada su a lambunanmu ba ta dogara da takardar waje kaɗai ba. Kai kuma mai karatu, kafin duk wannan ya tabbata, kada ka zuba fiya-fiya a kan wake ko busasshen kifi, kuma ka hana wanda ka ga zai zuba.